Baitin da Baffa Ke Jira

...a'a, ba "masoyiya" ba. Cire ta. Kakana Baffa Hammadu ba zai ce masoyiya ba ko an ɗora masa wuƙa a wuya. Mutumin da ban taɓa jin sunan matarsa a bakinsa ba — "ke", "mutanen gida", in ya yi ƙoƙari ya ce "uwar yaran nan" — shi zan cusa wa masoyiya? Ƙarya ce, kuma kakata Dada za ta ji ƙaryar. Ta manta kowa, amma kunnenta yana nan.

To me zan sa?

Istifanus ya sake kunna kiɗan daga farko. Yatsunsa na kan fiyano, yana kallona ta gefen ido. Tun hantsi muke cikin sutudiyon nan nasa a Ɗan Iya, fanka tana ta juya mana zafi. Ni Babayo fa. Ni da nake ƙera waƙar biki kafin shayi ya huce: a ba ni sunan ango, sunan amarya, sunan uwar biki, in zuba musu zuma da madara da farin wata, kowa ya tashi yana rawa. Shekaranjiya kakana ya ba ni magana uku in mayar waƙa in rera wa kakata, ga shi ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Kuma gobe 'yarsu, Goggo Bilkisu, za ta zo da mota.

Gobe za ta ɗauki Dada ta mayar da ita gidanta can wajen Gubi. Ba na ganin laifinta. Tsoho mai dogara sanda ba zai iya da tsohuwa mai gigin tsufa ba — ranar nan a bakin titi aka tsinto ta, babu takalmi, wai shanu sun shiga gonar mutane. Baffa kuwa ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba, a Ƙofar Dumi za a ɗauki gawarsa. Kowa da gaskiyarsa. Bakin alƙalami ya bushe. Saura yau kaɗai, yinin nan, su biyu a gida ɗaya...

Amshi dai na samu. Shi ya zo da kansa, ina wanke fuska.

Ke da ƙwarya, ni da sanda,
Hanyar nan tare muka taho.

Ba laifi. Ba ta da ado, amma su ma ba su da shi.

"Oga, wannan waƙa ba na rawa ba ne fa," in ji Istifanus. Na ce na sani, ya kashe min gangunan nan, suna sara min kai. Ya kashe. Saura wani siririn sauti kamar na sarewa. Haka ya fi.

Angona. Haka take ce min tun ban iya ɗaura wando ba. Sunan Baffa aka sa min, don haka bakinta ba zai iya kiran sunana na yanka ba, sai Babayo, sai angona, sai mai gidana na gaske. In na shiga gidan ta tare ni tun daga zaure — ina cefane? wane irin miji ne wannan, kullum hannu na dukan cinya? Ni kuma in ce ai na fasa, tsohuwa ba haƙori me zan yi da ita, 'yan mata na can suna layi. Baffa yana kan buzunsa, ya ɗaga sanda: ɓarawon mata ya zo, ku rufe ƙofa. In ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka tafi ne mu sha gumba in gaje matar? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wasan jika da kaka ke nan, kowane gida ana yi. Wa ya taɓa jin ya yi wa wani illa?

Wa ya taɓa ji...

Ranar da na fara lura, dariya na yi. Na yi sallama, maimakon ta tare ni da tsiya sai ta ja mayafi ta rufe kai. Ta rusuna. Ta kawo ruwa a kwanon sha ta ajiye a gabana da hannu biyu, idonta a ƙasa. Na ce yau kuma sabon salo, amarya ta koyi ladabi? Ba ta rama ba. Dada ba ta rama ba! Sai ta matso, ta yi ƙasa da murya, ta ce baƙon nan nawa da ke zaune a tsakar gida ya daɗe, shin ba shi da iyali ne? Ita dai tana ba shi abinci saboda ni, amma tana jin nauyin fitowa.

Baƙon. Na juya. Baffa ne, da carbinsa, yana kallon bango.

Sun ce ni ne hotonsa sak lokacin yana saurayi. Dogon wuya, hanci, har yadda nake karkata kai in ana min magana. To ga shi nan. Fuskar na hannuna, sunan na hannuna, angon da aka yi ta kira da wasa — duk ta tattara ta ba ni. Shi aka bar shi da furfura da sanda. Wallahi wani lokaci haushin fuskata nake ji. Na tara gemu ko za ta daina, sai ta ce tafiyar ta wahalar da ni.

Mayar da hankali, Babayo. Baiti na ɗaya.

Shekaranjiya Baffa ya kira ni zaure. Ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Mutumin da duk rayuwarsa yake kallon sana'ata kamar ciwon da ya kama jikansa — bai taɓa hanawa ba, bai taɓa tambaya ba — shi ne ya ce, wai an ce ina yi wa mutane waƙa. Na ce ana dai taɓawa. Ya ce to akwai magana da yake so a gaya wa mutanen gida kafin a tafi da su. Shi in ya matsa kusa, tashi take yi. Ni take saurara. Kuma magana in an faɗe ta haka kawai ba ta zama a kanta, amma ya lura har yanzu tana bin waƙoƙin daka ba ta ɓata ko kalma.

Na ce Baffa, ai in ni na rera, ni za ta ɗauka na faɗa.

"To da wa kake so ta ɗauka?" ya ce. "In ta ji daga bakin mijinta, ai ya isa."

Ban iya kallonsa ba. Tabarma na kalla.

Maganar farko: furar da take damawa. Tun da aka kawo ta gidansa yake sha, bai taɓa cewa ta yi daɗi ba. A ce mata ta yi daɗi. Shi ke nan. Shi ke nan fa! Na kwana biyu ina yi mata kwalliya — furarki ta fi zuma, nononki farin wata... kai, abin kunya. Duk abin da na ɗora sai ya zame, kamar an shafa wa tsohuwa jan baki. Daga ƙarshe na bar ta yadda ya ba ni.

Furar da kika dama ta yi daɗi,
Ban faɗa ba, yau na faɗa.

Istifanus ya ce layin farko ya fi kiɗan tsawo. Na ce to kiɗan ya jira shi.

Ta biyu ba ta ba ni wuya sosai ba. Shekarar da ciwo ya shiga garke, shanu suka yi ta faɗuwa har ya rage daga shi sai igiyoyi, kafin su shigo Bauchi ya koyi ɗinkin hula da girmansa. 'Yan'uwanta sun zo daga ruga za su tafi da ita, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta ce su gai da gida. Yana bayan bukka yana ji. Bai ce mata komai ba, ranar ma faɗa ya yi mata a kan gishiri ya yi yawa. Fulani da kunya! Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda, amma har haka? Mutum ya haɗiye godiya har haƙoransa su zube?

Da garke ya koma igiya,
Naki suka zo, kika ce su koma.
Na gani, ban faɗa ba, yau na faɗa.

Wannan ta zauna. In na rera ta, nakan yi tuntuɓe a kan "igiya", amma zan wuce.

Ta ukun ce...

Istifanus, kashe. Kashe duka. Ba za a ɗauka ba. Ban san ma me ya kawo ni nan ba — sabo ne kawai, kamar akuyar da ta saba da turke. Dada tsoron waya take, in ta ji murya na fita daga ciki sai ta yi ta neman mutumin a bayanta. Baffa kuma ba zai zauna inda ake kiɗa ba. Da baki zan je in yi, ni kaɗai. Istifanus ya ce in tsaya in gama baitin tukuna. Na ce a hanya zan gama. Ƙarya nake, shi ma ya sani.

Azahar ta wuce, rana na ƙuna. Ɗan acaɓa yana ta surutu a kan tsadar mai, ina cewa haka ne, haka ne.

Ja'afaru. Sunan babana ke nan. Ni ma ba a gidan na koye shi ba, a takardar makaranta na gani. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. "Yaron nan." Har ya yi aure, har ya haife ni, yaron nan. Da zazzaɓi ya kwantar da shi ya tafi, ina ɗan ƙarami, abin da na riƙe shi ne ƙafafun mutane da yawa a tsakar gida, da Dada tana zuba wa 'yan gaisuwa abinci, idonta a bushe ƙamas. Mata na cewa kai, wannan baiwar Allah akwai dauriya. Na girma ina jin haushin wannan dauriyar. Na ɗauka ba ta son shi.

Shekaranjiya Baffa ya ce — yana kallon ƙofar zaure, ba ni ba — bayan an yi sadakar uku mutane sun watse, da rana tsaka, ya zaga da buta sai ya ji motsi a wajen turken awaki. Ita ce. Ta cusa bakin zanenta a baki don kada a ji. Ya tsaya ta bayan katanga. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Bai shiga ba. A nan ya yi nasa, a tsaye, ita ba ta sani ba, ya wanke fuska da ruwan butar ya koma zaure. Ba su taɓa maganar ba.

A ce mata ba ita kaɗai ta yi ba. Wannan ce ta ukun. Ya ce sauran biyun ma don ita ya faɗe su, share fage ne.

To ta yaya? Ta yaya, Baffa?

Ka manta a wace shekara take zaune? A wurinta yaron nan yana nan da ransa. Bai kai kiwon manya ba, maruƙa yake bi. Kullum in la'asar ta yi sai ta fara leƙen ƙofa, tana tambayata ko na gan shi a hanya, ta ajiye masa ɗumame a rufe da faifai. Ni — ɗansa — nake ce mata yana tafe, ya tsaya wasa ne. Sai ta yi tsaki ta ce yaron nan akwai shiririta. Duk duniya ita kaɗai ce babana bai mutu mata ba. In na rera wannan baitin, ni zan kai mata rasuwarsa, sabuwa fil, da bakin mijinta. Ta yi kukan daga farko. Gobe ta manta dalili, ciwon ya zauna, a ɗakin da ba ta sani ba, cikin mutanen da ba ta gane ba.

In kuma ban rera ba... Baffa fa? Ya ɗauki abin nan tun ina ɗan ƙarami yake yawo da shi. Ya sauke girmansa a gaban jikan da yake kira ɓarawo. Ba zai sake samun wata ranar ba, ni na sani, shi ya sani. Gaba kura, baya sayaki.

Na gwada zagaye. "Ranar da hadari ya rufe mu" — wane hadari? Za ta ɗauka ruwan sama ne. "Ranar turken awaki, ina bayan katanga" — in ta gane, na kashe mata ɗanta; in ba ta gane ba, me na isar? Waƙar biki ba ta taɓa tambayata haka ba. A can ko me ka ce, daidai ne, muddin ya hau kiɗa.

Ko in faɗa masa gaskiya a zaure, in ce Baffa biyu na iya? Zai ce ba komai, Allah ya yi albarka. Wannan "ba komai" ɗin nasa ne ba zan iya ɗauka ba.

Nan ya isa, sauke ni. Lungun ba ya shigar mashin da daɗi. Masu ɗinki sun fito da kekunansu inuwa, maƙeri na ta ƙwanƙwasa, wata ta watso ruwan wanke-wanke saura kaɗan ta same ni. Kowa na harkarsa. Ana gaishe ni, ina amsawa, ban san me nake cewa ba. Ƙafata ta san gidan, ita ke tafiya.

Zaure ba kowa. Buzun ba ya nan.

Baffa ya shigar da shi ciki. Ga shi can a gindin bango, nesa da ƙofar ɗakinta daidai yadda ba za ta tashi ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, yau ba Juma'a ba. Ya sa kwalli. Wayyo Baffa... A gefe ga ƙullin kayanta Goggo ta riga ta ɗaure, da ƙwaryar furarta mai ɗinki a baki a kife a sama.

Ban tsokane shi ba. Shi ma bai ɗaga sanda ba. Ya dube ni, na gyaɗa kai kamar mai abin kirki a hannu.

Ta fito. Mayafi, rusunawa, ruwa da hannu biyu. Na sha. Na zauna a bakin tabarmarta, abin da mijinta na gaske bai taɓa yi da rana ba. Na ce mata na zo da wani abu. Na gyara murya har sau biyu. Ni da nake tsayawa gaban taro ban san kunya ba.

Ke da ƙwarya, ni da sanda...

Ta ɗago. Ba ta taɓa kallon idona ba tun da abin ya same ta, sai yanzu. Kanta ya fara bin karin, a hankali, kamar tana daka. Na shiga baitin furar. Ta yi daɗi, ban faɗa ba, yau na faɗa — sai ta sa hannu ta rufe baki. Dariya take. 'Yar dariya ta yarinya, kafaɗunta na motsi, ta ja mayafin har hanci. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Ba tawa ba ce, ba ni aka yi wa ba, ina zaune ne kawai a inda ta faɗo.

Kada ka juya. Kada ka kalle shi.

Na juya. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Amshi. Garke ya koma igiya — na wuce, da ƙyar. Naki suka zo, kika ce su koma. Dariyar ta ɗauke. Tana kallon ƙasa tana murza bakin tabarma, ta ce a hankali, ashe ka ji. Ashe ka ji... Sai ta tuna da wani abu, ta saci kallon gindin bango, ta matso har ina jin ƙamshin man shanun da ke kanta.

"Ka yi a hankali mana. Baƙo na ji."

Na buɗe baki zan yi magana. Baffa ya riga ni.

"Ci gaba, ɗan samari," ya ce. "Ni kunnena ya daɗe da mutuwa."

Baffa da ke jin motsin ɓera a rumbun maƙwabta. Ya juya fuskarsa ga bango don ta sake, ya karkato kai ta wajenmu.

Ta saki jiki. Ta gyara zama, ta dube ni, tana jiran saura. Murna ce a fuskarta, murna sosai, rabon da in ga haka har na manta. Shi ma yana jira. Bayansa kawai nake gani, da wuyan nan irin nawa, amma na san me yake jira, ya san saura ɗaya.

Ke da ƙwarya, ni da sanda,
Hanyar nan tare muka taho.

Na ja numfashi. Nan ne wurin. Nan baitin zai shiga.

Ke da ƙwarya, ni da sanda...

Ta fara bi na. Ta kama amshin, muryarta siririya tana karyewa a kan "taho", tana tafa cinya da yatsu biyu. Na sake. Ta sake. Baffa bai motsa ba. Inuwar katanga ta kusa taɓa tabarmar, yanzu ladan zai kira la'asar, yanzu za ta fara leƙen ƙofa ta tambaye ni ko na ga yaron nan a hanya — me zan ce yau, a gabansa? Na gaji, wallahi na gaji. Baffa, ka yi haƙuri... ko ka ɗan ƙara jira... ban sani ba.

Na sake ɗauko amshin daga farko.